DAGA TEKUN ATILANTIKA ZUWA GONAKIN BATSARI DA SAFANA

Manomin Batsari ko na Safana da ya ga hadari ya taso a ƙarshen watan Mayu, tambaya ɗaya ce a ransa: in shuka ko in dakata? In ya yi gaggawa ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone a ƙasa, sai ya sake neman wani. In kuma ya yi jinkiri, damina ta janye kafin dawa ta nuna. Abin mamaki shi ne, wani ɓangare na amsar wannan tambaya yana can cikin teku, fiye da kilomita 700 daga gonarsa.

Mai karatu zai so ya san yadda haka take. Ruwan da ke sauka a yammacin Katsina, yawancinsa tururi ne da iskar damina ke kwasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. Abin da ke jawo wannan iska shi ne bambancin zafi tsakanin ƙasa da teku. Idan ruwan teku na kusa da gaɓar Gini ya yi ɗumi fiye da kima, bambancin yakan ragu, iskar ta yi rauni, hadari ya tsaya a kudu, mu kuwa mu ga fari. Bayan farin 1973 da na 1984, masana a Ingila suka nuna a shekarar 1986 cewa ruwan saman yankin Sahel yana da alaƙa da zafin tekunan duniya.

To, wa ke auna zafin teku? A shekarar 1997 ƙasashen Brazil da Faransa da Amurka suka kafa shirin PIRATA, watau jerin na'urori da aka ɗaure a tsakiyar Atilantika, suna yawo a kan ruwa kamar gorar masunta, suna auna zafi da iska da ruwan sama. Akwai kuma shirin Argo da ya kankama wajen shekarar 2000, mai na'urori kusan 4,000 a tekunan duniya. Kowace takan nutse har zurfin mita 2,000, sa'an nan ta taso bayan kwana goma, tana auna zafi da gishirin ruwa, ta aika da sakamako ta tauraron ɗan'adam.

Sai dai awo kaɗai ba ya wadatarwa. Kowa ya san mudun wata kasuwa ba lalle ya yi daidai da na wata ba, kuma mai sayen gero da bai san haka ba ya sha kunya. Haka lamarin yake ga na'urori: in kowace ƙasa ta rubuta awonta da irin nata tsari, kwamfutar wata ba za ta iya karantawa ba. Don haka Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsara salon rubuta bayanai iri ɗaya, da hanyar sadarwa da ke haɗa ofisoshin yanayi na ƙasashe. A shekarar 1995 ta zartar da cewa a riƙa musayar muhimman bayanai kyauta. Shi ya sa awon Argo kan isa ga duk mai buƙata, galibi cikin awa 24.

Da irin waɗannan bayanai ne cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, da hukumar NiMet ta Nijeriya suke yin hasashen damina. A farkon kowace shekara NiMet kan bayyana lokacin da ake sa ran faɗuwar ruwa, da tsawon damina, da wuraren da ake jin tsoron ɗaukewar ruwa a tsakiyarta.

Hasashe dai ba alkawari ba ne, sanin gaibu sai Allah. Amma manomin da ya ji cewa damina za ta gajarta yana iya zaɓar iri mai saurin nuna, ya jinkirta zuba taki. Gaɓar da ta fi rauni a wannan sarƙa ita ce ta ƙarshe: isar da labarin ga mai garma a bakin dajin Rugu, cikin Hausa, ta rediyo da bakin malaman gona, kafin ya buɗe rumbun iri.