Yadda Jiragen Ruwa Su Ke Ba Da Labarinsu Ga Masu Tsaron Tasha

Wannan bayani domin Hakimai ne da malamansu na ƙasar Yauri, musamman waɗanda gundumominsu su ke bakin tafkin Kainji, watau Ngaski da Shanga da kewayen Warra.

Menene Na'urar?

A manyan tekuna akwai wata na'ura da a ke kira AIS, wadda a ke kafa wa jirgi. Tana samun sanin inda jirgin ya ke daga taurarin ɗan Adam, sa'an nan ta watsa labarin ta wayar iska ba tare da wani ya taɓa ta ba. Abin da ta ke faɗi shi ne sunan jirgin, da lambarsa mai alƙaluma 9, da inda ya ke, da saurinsa, da inda ya dosa. In jirgin yana tafiya takan maimaita labarin inda ya ke da saurinsa bayan kowace daƙiƙa 2 zuwa 10. In ya yi tsaye a kan anka kuwa, sai bayan minti 3.

A gaɓa akwai tasha mai doguwar eriya wadda ta ke karɓar saƙon. Manhajar kwamfuta ita ce ta ke tattara saƙonnin duka, ta jera jiragen a kan taswira, har ma'aikaci ya ga biyun da su ke neman karo ya gargaɗe su. Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, mai mazauni a Landan, ta wajabta na'urar daga ƙarshen 2004 ga jiragen fasinja na teku da jiragen da su ka kai tan 300 masu ƙetare ƙasashe.

Ina Ruwan Tafkin Kainji?

Waccan doka ba ta hau kan kwale-kwalen katako ba, amma hatsarin da a ka yi ta dominsa yana nan. Tun da a ka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe garuruwa da gonaki da itatuwa, kututturansu kuwa suna fasa jirage har yau. Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya karye kusa da Warra, kaɗan ne su ka tsira. Bayan haka a ka yi ta saɓani a kan yawan waɗanda su ke ciki, iyalai suna zaune a bakin ruwa suna jiran labarin nasu.

Abin Da Ya Kamata Hakimi Ya Yi

Daga cikin amfanin na'urar akwai abu uku: a san wane jirgi ya tashi, a san inda ya nufa, a lura da wuri in bai iso ba. Waɗannan kuwa littafi da wayar hannu suna iya yinsu.

1. Kowace tasha ta sami malami mai rajista, ya rubuta sunan mai jirgi, da yawan mutane da kaya, da lokacin tashi.

2. Da jirgi ya tashi, malamin ya buga waya tashar da a ka nufa. In lokacin isowa ya wuce, a sanar da Sarkin Ruwa nan da nan, kada a jira gari ya waye.

3. A taimaki ma'aikatan NIWA, hukumar hanyoyin ruwa na cikin ƙasa da a ka kafa a 1997, wajen hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, da tilasta sa rigar ruwa.

4. Ranar kasuwa, sa'ad da jirage su ka fi cika, Hakimi ya aika wakilinsa ya duba littafin ya sa hannu.

Lalle ne a karanta wa dagatai da masu jirage wannan takarda a bainar jama'a, a kuma ajiye ɗaya a ofishin gunduma.