Daga Ostareliya zuwa gonakin Nijar: abin da matashin ɗan mishan ya koya a wajen manoma

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Dogo-Dogo a gundumar Dungas ta jihar Damagaram da rani, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne itatuwan gawo da ke tsaye a tsakiyar gonakin gero, sun yi kore shar alhali komai ya bushe. Gawo kan zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki. Da rani ya yi inuwa, dabbobi su ci 'ya'yansa.

A shekarun 1970 da 1980 ba haka yawancin kudancin Nijar yake ba. Fari da sare itatuwa sun bar gonaki fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Cikin waɗanda ake ambata a tarihin farfaɗowar yankin har da wani matashi Kirista da ya zo aikin mishan daga nesa. Labarinsa ya shafi dubban matasan da coci-coci ke turawa ƙasashen waje duk shekara, wasu na mako biyu, wasu na 'yan watanni.

Shekaru biyu na asara

Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya karanci aikin gona, ya iso Nijar da matarsa a 1981 yana ɗan shekara 24, ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, aka ajiye shi a Maraɗi. Ƙungiyar ba baƙuwa ba ce a ƙasar: ta buɗe tasharta ta farko a Damagaram a 1924, ta gina asibitin Galmi a 1950, daga baya ta buɗe asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi.

Aikin da Rinaudo ya sa a gaba shi ne raba dashen itatuwa. Ana rainonsu a lambu, a loda a mota, a kai ƙauyuka. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Wanda ya tsira daga rana, awaki su cinye, ko gara ta gama da shi. Manoma ma ba su ɗauki abin da muhimmanci ba, domin a lokacin doka ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, mutum na iya shan tara a hannun jami'an gandun daji kan icen da ke cikin gonarsa.

A 1983, kamar yadda ya sha faɗa, ya tsaya a hanya don rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce, ice ne da aka sare tuntuni, kututturensa na da rai, saiwoyinsa na nan a ƙasa. Irinsa kuwa ba su ƙirguwa a gonaki, duk shekara ana sassabe su kafin shuka.

Dabarar ba ta buƙatar kuɗi: a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a kare su har su girma. Manoma suka raɗa mata suna sassaben zamani.

Ba a karɓe ta nan take ba. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona a ƙauyuka kusan ɗari na Maraɗi. Da rabon ya ƙare, akasarin mutane suka sare nasu. Amma waɗanda suka bari sun samu itacen girki, da abincin dabbobi, da amfanin gona mai kyau, maƙwabta kuma suka kwaikwaya.

Wa ya yi aikin?

Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam a shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta kusan miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, a shekara ɗaya da manomin Burkina Faso, Yacouba Sawadogo.

Sai dai a yankin Magarya, Matamai da Mirya, wanda Dogo-Dogo ke cikinsa kafin a cire Dungas daga Magarya a 2011, masu bincike sun gano cewa manoma ne da kansu suka riƙa kare gawon da ya tsiro a gonakinsu, ba tare da wani babban shiri daga waje ba. Girmama gawo tsohuwar al'ada ce a Damagaram, har ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun ya sa hukunci mai tsanani kan mai sare shi a ƙarni na 19.

Ke nan baƙon bai kawo daji a jakarsa ba. Gudunmawarsa ita ce ya koyi Hausa, ya zauna har 1999, ya kuma yarda ya watsar da tsarin da ya zo da shi. Da mako biyu aka ba shi, da ya koma gida da hotunan dashe da labarin nasara, bai san sun mutu a bayansa ba.

Masu zuwa na ɗan lokaci

Wannan shi ne tushen muhawarar da ake yi a cikin coci-coci kan tafiyar mishan ta gajeren zango. Masu goyon baya na nuna wurare kamar Galmi, inda likita ko ma'aikaciyar jinya da ta zo na wata ɗaya ke rage wa ma'aikatan dindindin nauyi, domin akwai tsarin da ta tarar, za ta kuma bar shi yana tafiya. Masu suka na cewa kuɗin jirgin matashi ɗaya da ya zo fentin aji zai biya magina da dama na garin, kuma wanda ba ya jin harshen mutane ba zai gane damuwarsu ba.

Ba Turawa kaɗai ke wannan tafiya ba. Cocin ECWA na da sashen mishan na EMS, sannan a 1975 wasu matasa masu yi wa ƙasa hidima suka kafa ƙungiyar CAPRO a Zariya, wadda yanzu ke tura 'yan Najeriya ƙasashe da dama. Ga matashi daga Kaduna ko Jos, Dogo-Dogo ƙasar waje ce a takarda, amma harshe da tuwo duk na gida ne.

Akwai kuma batun tsaro da zamantakewa. Kiristoci 'yan tsiraru ne ƙwarai a Nijar. A Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai yayin zanga-zangar adawa da zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa. A Oktoban 2016 'yan bindiga suka sace Ba'amurke Jeffery Woodke a Abalak, bai kuɓuta ba sai a Maris 2023. Baƙo kan hau jirgi ya tafi, amma Kiristan garin da maƙwabcinsa Musulmi su ne za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa da bakin rijiya, su ne kuma ke ɗaukar sakamakon duk kalmar da baƙon ya furta ba da lissafi ba.

A Dogo-Dogo dai, idan damina ta gabato, manoma kan shiga gona da adda su yi sassabe, su bar tsiron gawon da suka zaɓa.