Noman buhu: Yadda tsakar gida ke komawa lambu

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na watan Yunin 2024 sun nuna cewa hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. A wancan lokaci, kayan miya sun nemi su gagari talaka, lamarin da ya sa magidanta da dama a birane suka waiwayi wata dabara da ba ta buƙatar gona: noman buhu.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a Afirka. A unguwar Kibera da ke Nairobi, babban birnin Kenya, inda cunkoso ya hana jama'a samun fili, an shafe shekaru ana noma ganyaye a buhuna a ƙofar ɗaki.

Aikin ba shi da wuya. Ana samun buhun shinkafa ko na masara da aka juye, a cika shi da ƙasa mai kyau wadda aka cuɗa da takin dabbobi da ya ruɓe. A tsakiya ana jera tsakuwa tun daga ƙasa har sama, domin ruwa ya ratsa ko'ina. Daga nan sai a huda jikin buhun a dasa alayyahu ko latas, a saman kuma a sa tumatir ko attarugu. Da haka, wurin da bai wuce faɗin tabarmar salla ba zai ɗauki shuka masu yawa. Alayyahu kan isa yanka cikin kimanin wata guda. Wasu ma har doya suke shukawa.

Sai dai akwai abin lura. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, ruwan wanki mai yawan sabulu yana lalata ƙasa, zafin rana kuma yana cinye buhu. Haka nan ƙasar buhu na saurin bushewa, don haka ba a wasa da ban ruwa, musamman da bazara. Inda ake kiwon awaki da kaji kuwa, shinge ya zama dole.

Gaskiya ne buhu ba zai cika rumbu da gero ko dawa ba. Amma gidan da ya rage kuɗin cefanen miya ya sami abin ƙarawa a kan na hatsi. Da ma Hausawa sun ce, da babu gara ba daɗi.