Lasifika mai watsa sauti ko'ina: ɗaki ne ke yin rabin aikin

A garuruwan kudancin jihar Kano, daga Bebeji da Ƙiru zuwa Tudun Wada da Doguwa, ƙananan lasifikoki masu batir da ake haɗawa da wayar salula ta Bluetooth sun shiga zauruka da ɗakunan kwana. Da su ake sauraren karatun Alƙur'ani da tafsiri da labaran rediyo, ko da babu wutar lantarki.

Wasu daga cikinsu zagayayyu ne kamar gwangwani, kuma an ƙera su ne domin su watsa sauti ta kowace kusurwa. Sai dai sau da yawa na'urar da ta yi zaƙi a shagon mai sayarwa takan koma gunaguni da zarar an kai ta gida. Galibi laifin na ɗakin ne da kuma wurin da aka ajiye ta.

Abin da kunne ke ji

Lasifika irin wadda aka saba da ita tana tura akasarin siririn sautinta ne zuwa gaba. Ita kuwa zagayayyar tana rarraba shi daidai wa daida, saboda haka kaso mai yawa na abin da ke isa kunne sai ya bugi bango ko rufi tukuna.

Wannan ne dalilin da ya sa masu sauraro kan ji tamkar sautin ya cika ɗaki, kuma wanda ke zaune a gefe ba ya rasa komai. A zauren da jama'a ke zama a da'ira, wannan babbar fa'ida ce.

Dabarar dogaro da bango ba sabuwa ba ce. A shekarar 1968 Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya fito da lasifikar Bose 901 mai bakuna tara, takwas daga ciki suna fuskantar bangon baya.

To amma akwai iyaka. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda. Binciken da Bajamushe Helmut Haas ya wallafa a 1951 ya nuna cewa amon da ya dawo nan take, ƙwaƙwalwa kan haɗe shi da na asali. Wanda ya makara kuwa, kan kalma ta gaba yake faɗawa, ya cakuɗa harufa. Kiɗa na iya jure haka, amma karatun da ake son a bambance kowane harafi a cikinsa ba ya jurewa.

Siminti da tabarma

Tun a 1895 Wallace Sabine na jami'ar Harvard ya fara nazarin wani zauren lacca da kalma kan daɗe fiye da daƙiƙa biyar tana yawo a cikinsa. Ta hanyar shigar da matasan kujeru ya gano cewa daɗewar amo ta dogara ne ga girman ɗaki da yawan kayan da ke shanye sauti.

Ɗaki mai rufin ciyawa da tabarma da katifa yana shanye amo. Sabon gini mai shafen siminti da daɓen tayil, wanda babu labule, mayar da shi yake yi. Idan aka tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar ɗaki aka ji ƙara ta biyo baya, to wurin na buƙatar darduma da labule mai kauri.

Inda ya dace a ajiye ta

Kada a cusa ta a lungu, domin haɗuwar bango biyu da ƙasa na kumbura sauti mai kauri har ya danne murya. Haka kuma cikin kabad ko kusa da jeren kwanuka, inda komai kan ɗauki rawa.

Ya fi kyau a nisanta ta da bango kamar rabin mita zuwa mita guda, a ɗora ta kan abu mai ƙarfi daidai tsayin kunnen mazauna. Ga masu zama a tabarma, kujera 'yar tsuguno ta wadatar. Idan magana ba ta fita sosai, a matso kusa maimakon a ƙara murya.

Lafiyar kunne da haƙƙin maƙwabta

Kudancin Kano ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, kuma idan ruwa ya sauka kan rufin kwano, mutane kan ƙure murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa sauraren sauti mai ƙarfin desibel 80 fiye da awa 40 a mako na iya lahanta jin baligi, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

A tsakar gida kuwa, wannan lasifika ba ta san alkibla ba: abin da ta aika wa mai ita, shi take aikawa ta katangar maƙwabci, inda wataƙila akwai majinyaci ko mai salla.