Noman Kainuwa: Shuka Ba Tare Da Ƙasa Ba

Gabatarwa

Hausawa na cewa kainuwa dashen Allah. Dalilin wannan kirari shi ne ana ganinta a kan tafki tana yaɗo, kore shar, alhali saiwarta ba ta taɓa ƙasa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wani irin noma wanda ya bi sawun kainuwa, watau wanda Turawa suke kira haidurofonik. Kalmar daga Girkanci aka ƙera ta, ma'anarta aikin ruwa. In muka ce noman ruwa, za a ɗauka noman rani muke nufi, don haka a nan za mu kira shi noman kainuwa.

Asalinsa

A 1699 wani Bature a Ingila mai suna John Woodward ya shuka na'ana'a a cikin ruwa iri-iri, ya ga wadda ke cikin ruwa mai gauraye da ƙasa ta fi wadda ke cikin tataccen ruwa girma. Wajen 1860 wasu masana biyu na Jamus, Sachs da Knop, suka nuna cewa in aka narka wasu gishiri-gishiri a ruwa, tsiro zai girma sosai ba tare da ƙasa ba. William Gericke na Jami'ar Kalifoniya a Amurka shi ne ya fitar da abin daga ɗakin bincike zuwa noman abinci, kuma a 1937 ya yaɗa sunan da ake kiransa da shi. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun noma ganyaye ta wannan hanya a tsibirin Asenshan, inda ƙasar duk duwatsu ce.

Yadda Yake Aiki

Amfanin ƙasa ga shuka iri uku ne: tana riƙe ta kada ta faɗi, tana adana mata ruwa da abinci, tana kuma barin iska ta kai ga saiwa. Shuka ba ta cin ƙasa. Abin da take sha shi ne sinadaran da suka narke a ruwan da ke cikin ƙasar, manya daga ciki su ne naitirojin da fosfaras da fotashiyam, waɗanda manomi ya sani a buhun takin NPK, sa'an nan kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe da wasu 'yan kaɗan. Duk wanda ya samar wa shuka abubuwan nan uku, to ya sallami ƙasa.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda B. A. Kratky na Jami'ar Hawai ya bayyana. A sami bokiti mai murfi wanda haske ba ya ratsawa, a cika shi da ruwan taki, a huda murfin, a dasa ɗan tsiron salak cikin ƙaramin kofi mai huji, yadda bakin saiwar zai taɓa ruwa. Yayin da shukar take sha, ruwan zai riƙa ja da baya, saiwar ƙasa tana binsa, ta sama kuwa tana shaƙar iska a sararin da ya bari. Ba famfo, ba lantarki. A kusan wata guda da rabi an yanki salak.

Abin Da Zai Amfana Wa Katsina

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san lambunan Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi. Da yawa daga irin waɗannan lambuna da ruwan da ke kwararowa daga magudanan gari ake yi musu ban-ruwa, ga shi kuwa salak ɗanye ake cinsa. Daɗin daɗawa gine-gine suna ta cinye fili, damina kuma ba ta wuce wata huɗu. Magidanci a Kambarawa wanda tsakar gidansa ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, yana iya jera bokiti goma a gindin katanga, ya sami ganye mai tsabta har cikin bazara. Ruwan da zai kashe bai kai na lambu ba ko kusa, domin ba ya tsiyayewa cikin rairayi, rana kuma ba ta shanye shi.

Masu kiwo ma suna da rabo. Hukumar Abinci ta Duniya ta taimaka wa 'yan gudun hijirar Sahara ta Yamma da ke Tinduf a Aljeriya suna tsirar da sha'ir a faranti, cikin mako guda ya zama ciyawar awaki. Sai dai a sani, nauyin da tsiron ya ƙaru da shi galibinsa ruwa ne, kuma in ba a kula da tsabta ba yakan yi fumfuna.

Matsaloli

Ba a rasa nono a ruga, haka wannan noma bai rasa wahala ba. Takin NPK na buhu shi kaɗai bai wadatar ba, cikakken takin kuwa yana da tsada. Zafin Afrilu yakan ɗumama ruwa, ruwa mai ɗumi kuma iskar cikinsa takan ragu, saiwa ta ruɓe, don haka dole a yi rumfa. In a cikin ɗaki ne, sai an kunna fitila mai ƙarfi sa'o'i da yawa kullum, mu kuwa mun san halin lantarkinmu. Ga hatsi kamar gero da dawa, ba abin da ya kai gona.

Har ila yau akwai baƙin jini da hanyar ta jawo wa kanta a Turai da Amurka, inda wasu suke noma tabar wiwi da ita a ɓoye. A Nijeriya dokar 1966 ta yi tanadin hukunci mai tsanani kan shuka wiwi, a 1989 kuma aka kafa hukumar NDLEA. Wiwi ko a gona ko a bokiti laifinta ɗaya ne, amma laifin na mai shukar ne, bokitin bai yi komai ba.

Kammalawa

A taƙaice, noman kainuwa ba zai maye gurbin garma ba, amma zai iya sa wa gidan birni ganye a miya. Abin da ya rage ga mu ɗaliban Hausa shi ne mu samar masa kalmomi, mu rubuta bayaninsa da harshen da manomi da uwargida suke ji. Sunan da muka kawo shawara ce, muna jiran gyaran malamai.