Kwana Casa'in: Ɗaukaka Ƙara da Matsalar Harshe a Shari'ar Miyagun Ƙwayoyi

A kwanakin baya wata dattijuwa daga unguwarmu ta Ƙofar Marusa a nan Katsina ta kawo mini takardun hukuncin da aka yanke wa ɗanta, wai in karanta mata, tunda an ce ni malamin harshe ne a jami'a. An ɗaure shi bisa laifin sayar da ƙwaya, bayan ya amsa laifinsa. Na tambaye ta me ya ce da aka karanta masa tuhuma. Ta ce cewa ya yi, "Na ji."

Mai karatu, nan gizo ke saƙar. A bakin Bahaushe "na ji" na iya nufin magana ta shiga kunne, tana kuma iya nufin amincewa. Haka nan "an same ni da ita" daban, "ina sayar da ita" daban. Dokar hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai sayar da hodar iblis da dangoginta, amma shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka same shi da ita kawai. Ashe kalma guda na iya cinye rayuwar mutum.

Sashe na 36(6) na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a bayyana wa wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. Sai dai a shari'ar Gwonto ta 1983, Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda ke da lauya, bai kuma nemi tafinta a kotun farko ba, da wuya a saurari wannan kokensa a gaba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ba ta sake kiran shaidu sai bisa lalura. Abin da aka rubuta take dubawa. Kuma kwana 90 doka ta bayar daga ranar hukunci. In sun wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci tare da gamsasshen dalili. Dattijuwar nan kuwa ta ɓata kwana saba'in tana zarya gidajen manya neman alfarma.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Na ga irin ɓarnar da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin a 2018. Duk wanda ya sayar da guba ya cancanci hukunci. Amma mu tuna watan Afrilun 1985, lokacin da aka harbe Bartholomew Owoh da Bernard Ogedengbe da Lawal Ojuolape a Legas, ƙarƙashin Doka ta 20 ta 1984, wadda ta koma baya ta kama abin da aka aikata kafin a kafa ta, ba kuma tare da damar zuwa wata kotu ba. Ɗaukaka ƙara ba gatan mai laifi ba ne, kariya ce ga kowa daga kuskuren ɗan Adam.

Don haka ina kira ga sassan nazarin harsuna na jami'o'inmu, ciki har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da su fara horar da tafintocin kotu. Lauyoyi kuma su riƙa neman tafinta tun ranar farko, su tabbata an rubuta. Iyaye su nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun da wuri, su bar bin gidajen manya.

Ni dai na haɗa dattijuwar da lauya, saura kwana 20. Allah Ya sa mu dace, amin.