BABI NA UKU: SAƁANIN RA'AYI KAN MATAKAN YAƘI DA KORONA DA HALIN DA MA'AIKATAN LAFIYA SUKA SHIGA

3.0 Shimfiɗa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin fito da ra'ayoyin jama'ar Gusau da Tsafe da Bunguɗu dangane da matakan da hukuma ta ɗauka a lokacin annobar korona. Haka kuma za a nuna yadda wannan saɓani ya ƙara wa ma'aikatan lafiya nauyi a kan wanda suke ɗauke da shi.

3.1 Matakan da Aka Ɗauka

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas. Kafin ƙarshen watan Maris gwamnatin Jihar Zamfara, a ƙarƙashin Gwamna Bello Muhammad Matawalle, ta rufe makarantu da iyakokin jihar. An kuma taƙaita taruwar jama'a, aka umurci mutane da wanke hannu da sanya takunkumi. Ba a sami cutar a jihar ba sai wajen ƙarshen Afrilu, daidai da kamawar azumi, wato lokacin tafsiri da asham, da jama'a suka fi cika masallatai.

3.2 Masu Goyon Bayan Matakan

Wannan rukuni ya ƙunshi ma'aikatan lafiya da 'yan boko da wani sashe na malaman addini. Hujjarsu ita ce rigakafi ya fi magani, musamman a jihar da manyan asibitocinta biyu, wato Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, duk suna cikin Gusau. Malaman kuwa sun dogara ne da hanin da Musulunci ya yi na shiga ko fita daga garin da annoba ta sauka, da kuma juyowar da Sayyidina Umar ya yi daga hanyar Sham saboda annoba. Rasuwar Sarkin Ƙauran Namoda, Alhaji Ahmad Muhammad Asha, a farkon Mayun 2020 a wurin killace masu cutar a Gusau, ta ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

3.3 Masu Adawa da Matakan

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa jahilci kaɗai ya haifar da adawar. Akwai dalilai uku da ya kamata a lura da su.

Na farko shi ne abinci. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, kusa da iyakar Katsina, Bunguɗu kuma tana kan hanyar Sakkwato. Direba da ɗan kamasho da mai tallar abinci a bakin tasha duk da motsin hanyar suke ci. A wurinsu rufe iyaka daidai yake da rufe tukunya, ga shi kuma 'yan bindiga sun riga sun hana da yawa daga cikin manoma zuwa gona.

Na biyu shi ne abin da Bahaushe ke cewa gani ya kori ji. A shekarar 2017 sanƙarau ya kashe mutane fiye da 1,000 a Nijeriya, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. Jama'a sun ga gawarwakin 'ya'yansu da idonsu. Korona kuwa mafi yawansu a rediyo suka ji ta, don haka wasu suka kira ta ciwon manya, ko hanyar cin kuɗi.

Na uku shi ne tsohon zargi. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, da dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, wanda Zamfara na cikin jihohin da suka yi shi, sun bar tabo a zukata. Wannan tabo ya sake bayyana bayan isowar allurar korona a Maris 2021.

3.4 Halin da Ma'aikatan Lafiya Suka Shiga

Duk wannan jayayya a ƙofar asibiti take ƙarewa. Ma'aikacin da ke babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu ba shi da hanyar rarrabe zazzaɓin cizon sauro da na korona sai da gwaji, gwajin kuma a farkon al'amari sai an kai samfur wajen jihar a jira sakamako. Idan ya tura majiyyaci Gusau, dangi su zarge shi da jefa ɗan'uwansu cikin killacewa. Idan ya riƙe shi, ya sa kansa da iyalinsa cikin haɗari. Tsoron killacewar ya sa wasu majiyyata zama gida, ko komawa kemis, har sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Bugu da ƙari, kafin annobar Naira 5,000 kacal ake biyan ma'aikatan asibitocin tarayya a wata a matsayin alawus na haɗarin aiki. Wannan da ƙarancin kayan kariya na daga cikin abubuwan da suka sa likitoci masu neman ƙwarewa shiga yajin aiki a faɗin ƙasa a Yunin 2020. A 2021 kuma amai da gudawa ya ɓarke, sannan a Satumba aka katse layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro, ta yadda ko kiran likita ya gagara.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ɓangarorin biyu kowa na da abin da yake gudu: wani na gudun cuta, wani na gudun yunwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a Mayun 2023, amma rashin yarda tsakanin jama'a da hukuma bai tafi tare da ita ba. Muddin ba a gyara wannan ba, ma'aikacin lafiya ne zai sake tsayawa a tsakiya idan wata annobar ta zo. Babi na gaba zai dubi rawar da sarakuna da limamai suka taka wajen wayar da kan jama'a.